Kogin Kwara Daga Yawuri Zuwa Busa: Tarihin Wata La'ana



Bara na je Yawuri bikin wani abokina da muka yi makaranta tare. Washegarin ɗaurin aure muka gangara bakin ruwa da hantsi. Ranar kasuwa ce, jirage na ta sauke mutane da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi. Sha'awa ta kama ni, na ce bari in shiga ɗaya a ɗan zagaya da ni. Wata dattijuwa mai soya kifi ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai baƙo ne ko?" Na ce, "E, Inna." Ta ce, "To tsaya a tudu. Ruwan nan ya fi son baƙo, kuma bana bai gama karɓar rabonsa ba."

Na yi dariya, amma ban shiga jirgin ba. Kafin in bar garin na ji maganar ta fuskoki da yawa. Wani ya ce kogin la'ananne ne tun ranar da ya ci Bature. Wani ya ce a'a, tun da aka yi dam aka nutsar da garuruwa da kaburburan kakanni ne ruwan ya ɗauki fushi. Wani kuma ya ce 'yan ruwa ne ke karɓar harajinsu duk shekara. Da na dawo gida sai na shiga bin tarihin wannan yanki, don in ga inda kowace magana ta samo asali. Abin da na tarar ya sauya mini yadda nake kallon labaran iskokin ruwa da muke yawan cusawa a littattafanmu.

Mu fara da kogin kansa. Wanda taswira ke kira Neja, mu Kwara muka san shi. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. A yawancin hanyarsa shimfiɗe yake a kan yashi da laka, yana tafe a natse. Amma daga ƙasan Yawuri zuwa Jebba sai ya shiga ƙasa mai dutse. A da, kafin a tare shi, a nan yake rarrabuwa tsakanin tsibirai, ya matse, ya ƙara gudu, yana dukan duwatsu, wasu a fili wasu a ɓoye ƙarƙashin ruwa. Mafi munin wuraren suna kusa da tsohon garin Busa na ƙasar Borgu.

Akwai kuma wani hali nasa da ke ɗaure wa baƙo kai: sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan ya zo da laka ya yi fari-fari, shi ake kira farin ruwa. Ta biyun kuwa da sanyin hunturu take zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan ruwan daminar Gini ne da ya bazu a manyan fadamun Mali ya yi watanni yana jan jiki, lakarsa ta kwanta a can, ya iso nan garau da duhu-duhu, shi ake kira baƙin ruwa. Ka ɗauki mutumin da bai taɓa jin sunan Gini ba, ya ga kogi na hauhawa ana tsakiyar rani. Ba abin mamaki ba ne ya ce akwai mai tura shi daga ƙasa.

A wannan matsatsi na Busa ne labarin Baturen ya faru. Mungo Park likita ne ɗan Sikotlan ta ƙasar Birtaniya. Ya fara ganin kogin a Segu ta Mali a 1796, ya koma gida, sannan gwamnatinsu ta sake turo shi a 1805 don ya bi ruwan har inda ya ƙare. Ya taso daga Gambiya da Turawa arba'in da wani abu, damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atini suka yi musu kaca-kaca. Da suka iso bakin kogin a Bamako, 11 kawai suka rage da rai. A garin Sansanding ya harhaɗa tsofaffin kwalekwale biyu ya mayar da su jirgi guda, ya sa masa suna Joliba, wato sunan da mutanen can ke kiran kogin. A watan Nuwamba 1805 suka tashi: shi, da wani hafsa mai suna Martyn, da sojoji uku, da bayi uku, da ja-gora mai suna Amadi Fatuma.

Park ya ƙudurta ba zai riƙa sauka tudu ba. Bai tsaya biyan kuɗin fito ga masu iko da gaɓar ruwa ba, kuma jirgin da duk ya matso kusa da su sai su buɗe masa wuta. Haka suka yi tafiyar da ta haura kilomita 1,500, suna barin gawa da ƙiyayya a bayansu. Kusan shekara 50 bayan haka, da Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya bi ta wajen Tumbutu, ya tarar Buzaye ba su manta da wannan jirgi ba. A Yawuri yarjejeniyar ja-goran ta ƙare, ya sauka. Park ya ci gaba ba tare da wanda zai yi masa tafinta ba, ya doshi wurin da ya fi ko'ina hatsari a kogin. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, mutane daga gaɓa suka yi musu ruwan kibau da masu, Turawan suka faɗa ruwa, ruwa ya tafi da su. Bawa ɗaya ne ya tsira.

Me ya sa aka far musu? Amadi Fatuma, da aka nemo shi a 1810, cewa ya yi Park ya ba wani hakimi kyauta ya kai wa Sarkin Yawuri, hakimin ya danne, ya ce wa sarki Turawan sun wuce ba su ba da komai ba, shi ne aka tura mayaƙa suka tare su a Busa. Mutanen Busa kuwa wani bayani suka bayar: sun zaci 'yan gaban rundunar Fulani ne. Idan ka duba lokacin, maganar na da kama da gaskiya. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, Birnin Kebbi ya faɗi a 1805, kowane gari a bakin kogin yana kwana da ido ɗaya. Sai ga baƙon jirgi da fararen mutane masu bindiga, ba sallama, ba tafinta.

A 1826 Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka kira Abdullahi, ya bi ta Busa a hanyarsa ta zuwa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da yaronsa Richard Lander da ake wa laƙabi da Nasara Ƙarami. Sun tarar mutane ba sa son tayar da zancen. Sarkin Busa na lokacin ya ce shi yaro ne sa'ad da abin ya faru. Amma sun ji labarin da ke yawo: wai bayan mutuwar Turawan annoba ta faɗa wa garin, ta kashe sarki da waɗanda suka sa hannu, wai duk wanda ya ci abincin da aka kwaso daga jirgin bai yi rai ba. Har ta kai ana jan kunnen mutane a ƙasashen maƙwabta kada su taɓa farin baƙo, don kada abin da ya sami Busa ya same su. Lander ya sake dawowa a 1830 da ƙanensa John, suka je har Yawuri neman takardun Park, ba su samu abin kirki ba sai wani littafin lissafi na matuƙan jirgi. Daga nan suka bi ruwan har teku.

Dole mu yi hattara da wannan labari, don ta alƙalamin Turawan da yake yi wa amfani ya iso gare mu, kuma wanda ke magana da ɗan uwan mamaci ya san abin da zai faɗa da wanda zai haɗiye. Duk da haka ku lura da abu guda. A wannan tsohuwar la'ana babu wanda ya zargi kogin. Mutane ne suka yi aika-aika ga baƙo, mutane ne kuma suka ɗanɗana kuɗarsu. Labari ne na alhaki, na mutanen da suka ɗora wa kansu laifi suka mayar da shi gargaɗi. Sai a bakin 'yan baya ya juye ya koma wai ruwa ya ɗanɗana jini ya saba.

Labaran 'yan ruwa sun girmi Park nesa ba kusa ba. Wannan yanki na mutanen ruwa ne tun fil azal: Gungawa, waɗanda sunansu ya fito daga gungu, wato tsibiri, da Sarkawa masunta da asalinsu ke komawa ga Sorko na daular Songhai, da Kambari da sauran manoman gaɓa. Can sama a ƙasar Zabarma suna da Harakoi Dikko, wadda suke ɗauka uwar iskokin kogin. Mu a Hausa muna da 'yan ruwa masu gari a ƙarƙashin gulbi, muna da Sarkin Rafi a bori, muna da ayu da ake cewa yana jan mutum ƙasa. Kuma kusan duk garin masunta akwai Sarkin Ruwa. Har yau a Argungu sai shi ya ba da izini kafin masunta su afka Matan Fada.

Ba musun samuwar aljanu nake yi ba, kuma ba cewa nake kakanninmu ba su yarda da abin da suke faɗa ba. Sun yarda ƙwarai. Abin da na lura shi ne kowane ɗaya daga labaran nan yana zuwa da doka a bayansa, kuma dokar tana dacewa da wani hatsari da ido ke iya gani. An ce gurbi kaza gidan 'yan ruwa ne, kada a yi wanka a wurin. Je ka duba, sau da yawa za ka tarar wuri ne da ruwa ke zubowa ta kan dutse ya murɗa ya dawo baya, irin wanda ke riƙe ko gwanin iyo yana juya shi har ya gaji. An ce kada a shiga ruwa da magariba. Lokacin ne dorina ke motsawa za ta fita kiwo, kuma dorina mai ɗa ba ta jin wahalar kifar da kwalekwale. An ce ruwa ya fi son baƙo. Baƙo ne bai san inda yashi ke zaftarewa ba, bai san inda zurfi ke farawa ba. An ce 'yan ruwa kan riƙe gawa kwana biyu ko uku kafin su sako ta. Gawa takan nutse da farko, sai iska ta taru a cikinta sannan ta taso, kuma a ruwa mai ɗumi kwanakin ke nan. Shi kuwa ayu, bawan Allah, ciyawa kawai yake ci.

Wato a hannun mutanen ruwa, almarar taswira ce. Da ita ake koya wa yaron da bai iya karatu ba inda zai bi da inda zai kauce, da wanda zai tambaya kafin ya tura jirgi. Tana ɗora wa mutum nauyi. Wanda ya karya doka ya halaka, an san abin da ya karya. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai aka zo aka nutsar da taswirar. A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji don samar da lantarki, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwan da aka tare ya koma baya ya zama tafki mai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, faɗin samansa kusan murabba'in kilomita 1,300, ya kai har gindin Yawuri. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200 aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa a tudu. Tsibiran Gungawa da yawa sun tafi, da gonakinsu na albasa, da kaburbura, da wuraren tsafi. Duwatsun da suka ci Park ma suna can ƙasa yanzu.

Wanda ya ce ruwan ya yi fushi saboda kaburburan da aka nutsar, baƙin cikin rabuwa da gida ne ke magana a bakinsa, kuma ya cancanci a saurare shi. Amma akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Ilimin da aka tara na ɗaruruwan shekaru, na wane dutse ke ina, wace mashiga ake bi a wane wata, ya zama ba shi da amfani cikin damina ɗaya. Wani sabon ruwa ya zo da nasa halin da babu tatsuniyar da ta san shi. Ba duk dajin da ruwa ya rufe aka sare ba, don haka kututture da matattun itatuwa suna tsaye a ƙarƙashi, kuma da yake tafkin na sauka da mitoci da dama duk shekara, itacen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a watan Janairu yana iya fasa cikinsa a watan Yuni. Ga faɗi: inda da ake hango gaɓa da gaɓa, yanzu fili ne da iskar farkon damina ke tayar da igiyar ruwa irin wadda ba a sassaƙa kwalekwalen kogi dominta ba. Sannan inji ya zo, jiragen katako suka ƙara girma, kasuwanni suka koma tsallake, hanyar mota ta zagaye ta yi nisa kuma ta lalace. Kowa sai ya bi ruwa.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a ƙaramar hukumar Borgu ta jihar Neja, ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Mutanen ciki sun haura 150, da yawansu mata da yara, ga babura, ga buhuna. Jami'an hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa, NIWA, sun ce jirgin ya tsufa kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa nesa. A tsakiyar ruwa ya dare. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki ana jerawa a gaɓa. Shekara biyu bayan haka, a watan Yuni 2023, can ƙasa a yankin Patigi ta jihar Kwara, wani jirgin da ya ɗauko 'yan biki cikin dare ya kife, sama da mutum 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, don ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai.

A bayan irin waɗannan ne za ka ji ana cewa kogin ya karɓi rabonsa na bana. Ku auna wannan magana da ta kakanni. Tasu tana cewa kada ka bi ta nan, kada ka fita yanzu, tambayi Sarkin Ruwa. Ta yau ba ta hana komai, ba ta umurni da komai. Idan dole ne ruwa ya ci mutum duk shekara, to mai jirgin da ya ɗora mutum 150 a mazaunin rabinsu ba shi da laifi. Jami'in da ya kamata ya ƙirga fasinja a tasha ba shi da laifi. Wanda aka ba kwangilar cire kututture, da wanda ya yi alkawarin hanya da gada, da fasinjan da aka miƙa wa rigar kariya ya ce zafi take sa shi, duk sun fita. Dokar hana tafiyar dare da ta sanya rigar kariya suna nan a rubuce. La'anar ce ke ba kowa damar ya ɗaga kafaɗa. Mutanen Busa na 1806, duk da abin da suka aikata, sun fi mu ƙarfin hali, don su kansu suka tuhuma.

A nan ne abin ya shafe mu. Mu ne masu ba almara dogon rai. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta, labarin budurwar da aljanin ruwa ya aure, ko kogin da wata tsohuwa ta tsine wa, aka kashe mutum goma a babi ɗaya ba tare da marubucin ya san ko da wane wata ruwan ke cika ba? Ban ce mu daina rubuta 'yan ruwa ba. Gadonmu ne, kuma labari ba ya daɗi in an kore masa duhu. Abin da nake roƙo shi ne, duk lokacin da za ka sa wani a labarinka ya ce kogin la'ananne ne, ka san wane ne shi da abin da maganar ke kare masa. Uwar da ta rasa 'ya'ya uku tana faɗar haka ne don zuciyarta ta samu abin riƙewa. Mai jirgin yana faɗa ne don kada a dube shi. Tsohon Bagunge yana faɗa ne don garin da aka haife shi na ƙarƙashin ruwa, ba shi da kabarin uba da zai nuna wa jikansa. Kalma ɗaya ce a baki uku, kuma labarin yana cikin bambancinsu. Marubucin da ya tsaya a kan aljani kawai ya bar mutum uku a bakin ruwa bai tambaye su komai ba.

Ita ma Inna mai kifi, da na sake tunani, ba ƙarya ta yi mini ba. Rabin maganarta tsohuwar taswira ce: ni baƙo ne, ban iya iyo ba, jirgin da na nufa ya riga ya cika, babu rigar kariya ko ɗaya a ciki. Ta ga duk wannan kafin ni, ta faɗa mini da harshen da ta san zai tsayar da ni. Ɗaya rabin, na rabon bana, shi ne nake fata mu daina gadar wa yaranmu yadda yake.

Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da kogi ko kududdufi ko dam da ake cewa yana cin mutane. Kafin ka sa naku a littafi, je ka zauna da masunta ko masu fito na wurin. Tambaye su a wane gurbi ake nutsewa, a wane wata, da wane lokaci na yini, su wa suka fi mutuwa, kuma me ya canza a wurin daga zamanin iyayensu zuwa yau. Ka rubuta amsar kusa da almarar, ka ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Ina jiran in ji abin da kuka samo.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu. Sai wani makon in Allah ya kai mu.